Tabarau Na Saya Mata Maimakon Na Kai Ta Asibiti

Edita, a buga wannan ba tare da sunana ba. Lokacin da abin ya faru ni sakatariya ce a wani kamfanin shigo da kaya a unguwar Ganhi, kuma ni kaɗai na yi lekol, wato boko, mai zurfi a gidanmu na Zongo. Duk takardar da aka kawo da Faransanci ni ake jira. Hakan ya kumbura mini kai, ba na son kowa ya musa mini magana.

Mahaifiyata ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni. Wata rana ta ce layin zare yana lanƙwasa mata, har bakin ƙofa a karkace take ganinsa, kuma in ta rufe idon hagu sai wani duhu ya tsaya a tsakiyar abin da take kallo. Ƙanena, direban babbar mota, ya ce a kai ta wajen likitan ido a satin nan. Ni na hana.

Dalilina wani maƙaryaci ne mai bin ofisoshi da jakar tabarau, sanye da farar riga kamar likita. Yakan haska shuɗiyar tocila a kan wani kati ya canza launi, sai ya tare hasken da gilashin tabaransa, katin ya ƙi canzawa. Ya ce hasken waya da talabijin ne ke cinye idon tsofaffi. Na kwatanta masa ciwon mahaifiyata, ya ce ai shi ne sak, ta sa tabaransa wata uku layin zai miƙe. Na saya. Da ƙanena ya sake maganar asibiti, a gaban matarsa na ce wanda bai gama firamare ba ya tsaya ga sitiyarinsa. Mahaifiyata ta ce a bi maganar mai ilimi.

Ta riƙa sawa kullum, sai alwala ke raba ta da shi. In ta ce duhun na ƙaruwa, sai na hau ta da faɗa cewa kallon waya ne ya yi mata yawa, har na ƙwace wayar. Daga nan ta daina faɗa mini, ni kuma na ɗauka sauƙi ne. Sai a wani taron suna a Agla, ƙanwarta ciki ɗaya ta tsaya gabanta, ba ta gane ta ba sai da ta yi magana. Washegari ƙanena ya kai ta asibiti bai ko sanar da ni ba.

Likita ya ce ciwo ne da ke lalata tsakiyar gani idan shekaru sun ja, kuma nata irin wanda jijiyoyi ke yoyo ne a cikin ido. Da an zo da wuri, akwai allurar da ake yi wadda kan tsayar da shi. Idon dama ya riga ya yi tabo. Na hagu ma ya fara kamuwa, shi ake ƙoƙarin cetowa yanzu. Tabarau kuwa, ya ce ba ya hanawa, ba ya warkarwa.

Na nemi mai tabaran, na same shi a unguwar Vêdoko yana haska wa wata tsohuwa tocilarsa. Ya yi murmushi, ya ce shi bai taɓa cewa magani yake sayarwa ba, in kawo takardar da ya rubuta hakan. Na zage shi har mutane suka taru. Ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba. Ƙanena ma bai yafe mini ba; in na shigo gida sai ya ce ga dokta ta iso, ya tashi ya fita. Ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya, iya Faransanci da zaman ofis ba su sa mutum ya san ido. Duk wanda tsohonsa ya ce layi ya karkace ko tsakiyar gani ta yi duhu, ya kai shi wajen likitan ido a ranar, ya kori duk mai jakar tabarau. Mahaifiyata ba ta taɓa zargina ba, ƙaddara kawai take cewa. Amma yanzu in tana son ganina, sai ta kawar da fuskarta gefe, ta neme ni da gefen ido.