Ranar da Kwamfutar Kunne Ta Yi Shiru

Kunne ake ce masa a layinsu, don tun yana saurayi idanunsa suka tafi, kunnuwan suka gaji aikin. Sana'arsa saurare ce. Gidan rediyo ke turo masa hirarrakin da suka naɗa, shi kuma ya buga su a rubuce. Kwamfutarsa mai magana ce, duk harafin da ya taɓa sai ta faɗa. Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma aure ya kai ta wani gari mai nisa, muryar nan kaɗai ke tanka masa a ɗaki. Har faɗa yake mata idan ta kwafsa sunan mutum.

Allon kwamfutar kuwa tuni ya ba mai askin da ke jikin gidansa, ana kallon ƙwallo da shi. Cewa ya yi a wurinsa ƙura kawai yake sha.

Da na'urar ta tsufa ta fara jan ƙafa, 'yan uwansa makafi na wani zaure a intanet suka ce ya koma wata babbar manhaja ta kyauta, wadda jama'a suka haɗu suka gina, da murya mai karanta abin da ke allo a cikinta. Mutumin naku akwai taurin kai. Ya ce shi kaɗai zai ɗora ta, ba ya neman idon kowa. Ya haddace matakan, ya soka filashin da ke ɗauke da sabuwar manhajar, ya share tsohuwar. Na'ura ta mutu ta taso, sai shiru.

Ya danna nan, ya danna can. Fanka na juyawa a ciki, amma ko tari. Ga aikin rediyo na jiransa, sai dai ba aikin ne ya fi cin ransa ba. Kaɗaici ne ya danne shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da masu ta'aziyya suka watse.

Da yamma ya haɗiye girman kai, ya laluba bango har shagon aski, ya ce allon zai ara.

"Kai Kunne, ido ya buɗe ne ba labari?" in ji mai aski yana dariya.

Mai askin ya kawo ya jona masa, ya leƙa, ya ce, "Turanci ne zalla, ni ba na ja." Ya koma da gudu, don ya bar mutum da rabin gashi.

Dole ta sa ya kira 'yarsa ta bidiyo. Ba ya yawan kiranta, domin kullum tana cikin hidimar yara, gaisuwa ce a tsaitsaye sai sallama.

"Baba, kunnenka nake gani! Sauke wayar. Kai Baba, ka rame. To juya ta wajen allon. Hagu kaɗan. Yauwa." Ta yi ɗan jim tana karantawa. "Ai ta gama komai. Sauti ne kawai a kashe, an ja wa hoton lasifika layi."

Nan take ya san maɓallin. Yatsansa ma na kai.

"Ban gane ba," ya ce. "Sake duba mini a hankali, 'yar nan."

Ta sake. Ya tambayi me ke sama, me ke ƙasa, tana karantawa. A tsakani ta ba shi labarin jikansa da ya fara haƙori yana cizon kowa, da maƙwabciyarta mai aron tukunya ba ta dawowa da murfi. Ya yi dariya har da hawaye. Da tambayoyi suka ƙare masa, kunya ta kama shi, ya danna.

Wata sabuwar murya ta tashi, tana magana ta hanci kamar mai mura.

"Alhamdu lillahi!" in ji 'yarsa. "Ka samu abokiyar hirarka. Bari in je Baba, girkina zai ƙone."

Ƙit, ta kashe.

Muryar ta ci gaba da karanta masa abin da ke allo tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ya zauna da wayar a hannu da sauran ɗuminta, yana tunanin abin da zai ce ya lalace gobe.