Tafin Hannun Sani a Bangon Inna

A bazarar shekarar da nake aji huɗu a firamare, wata Asabar da hantsi, Baba ya kwaɓa ƙasar yaɓe a bayan ɗakin Inna. Ya naɗe wando zuwa gwiwa yana tattaka ta da ciyawar ramno, ni kuma ina jigilar ruwa daga rijiya, raina a ɓace. A ƙauyenmu da ke kusa da Kunci ba a barin ginin ƙasa ya shiga damina babu yaɓe, kuma bangon da za a fara da shi nawa ne.

Nawa ne domin ni na cika shi da zane. Takarda a lokacin ta makaranta ce, wanda ya yagi ko falle ɗaya sai ya sha bulala, don haka duk abin da ya faru a gidanmu a bangon nan nake ajiye shi. In na dawo daga kiwon awaki ko na gama surfe, sai in zagaya baya in tsuguna. Gawayin murhu ne baƙina, farar ƙasa ce farina. Kore kuwa ganyen wake nake murzawa, shuɗi ragowar bular wanki, ja in jiƙa zoɓo ko in roƙi kakata tukar goronta. Tana ba ni tana cewa, "Ke kam ko akuya ta fi ki ƙyanƙyami." Da tsinken tsintsiya nake jan siririn layi, mai kauri da ɗan yatsa. Ranar da akuyarmu ta haifi uku tana nan, ranar da iska ta ɗauke jinkar rumbu tana nan, har da ranar da na ci ƙawata Talatu a carafke, wadda na fi zanawa da girma.

Malaminmu na allo ya taɓa hango ni ta kan danga, ya ce kada in kuskura in zana fuskar mutum. Ban ji haushi ba, dama ban iya hanci ba. Sai na ba kowa alamarsa. Baba fartanya ne, Inna ludayi, ni kuma tulu, tunda da shi aka san ni. Ƙanena Sani, ɗan shekara uku, shi ne ya ƙi jiran a ba shi alama. Ya tsoma hannu cikin jar ƙasar da na dama ya manna a ƙasan bangon, daidai tsayinsa, a tsakiyar garken awakin da na zana. Da sanyin shekarar ƙyanda ta shigo ƙauyen ta tafi da yara da dama, har da shi.

Ba a taɓa ɗaukar Sani hoto ba, rigunansa kuma an bayar sadaka. Inna ba ta taɓa kula zanena ba, "ɓata bango" take kiransa. Amma bayan rasuwar sai ta koma tsince wake a bayan ɗakin, inda ko inuwa babu. Duk mun gani.

Ranar yaɓen Baba ya fara daga sama, Baffa ƙanensa yana miƙa masa ƙasa. Ina kallo rumbu ya tafi, awaki suka tafi, fartanya da ludayi suka bi bayansu. Da ya sauko kusa da ƙasa sai hannunsa ya tsaya. Inna na bakin danga da ƙwarya a hannu, ba ta motsa ba.

"Yaya, in ka bar nan ruwa zai ci ginin," in ji Baffa.

"Na sani," in ji Baba.

Ya zagaye tafin hannun da ƙasa, ya bar fili kamar faɗin faifai, ya kafa ɓarin tukunya a samansa don ya tare ruwa. Haka ya yi a shekarar da ta biyo, yaɓe yana ƙara kauri a kewaye, hannun yana ƙara shigewa ciki kamar alkuki. Baffa bai yi ƙarya ba. A damina ta uku, wata rana muna gona, bangon ya rufta ta daidai wurin. Da yamma na ga Inna tana tona ɓaraguzan da hannu, ba ta sami komai ba sai laka. Ɗakin da Baba ya sake ginawa ya ci masa buhunan gero, ban kuwa taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Yanzu gidan namu na bulo ne da siminti, ba a yaɓe. 'Yata tana da babban littafi da kaloli na kanti, tana zana abin da ya faru da ita, tana manna ganye da ƙyalle, tana yin fuskoki har da hanci. Hotunan yarana sun cika wayata, in ta cika in goge wasu. Ina kewar bangon nan, duk da na san laka ce. Mijina yakan yi mita a kan dattin da ƙaramin ɗanmu ke shafa wa fenti. Har yau in yaro ya manna hannu a bango, ba na gogewa.