Buhun da ke Ƙarƙashin Gadon Gajere

Gajere direba ya yi shekara da shekaru yana kai baƙi gandun namun daji da cikin hamada, amma har yau bai yarda akwai mahalukin da zai baro gidansa don kallon giwa da yashi kawai ba. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. Shi ya sa ido ɗaya a hanya, ɗaya a madubi yana karantar fasinja.

Wata tafiya ya ɗauko wani dattijo mai tabarau. A gandun daji ana ta nuna raƙumin dawa, dattijon ko a jikinsa. Amma da suka shiga hamada, duk inda aka tsaya sai ya tsuguna, ya murza yashi a tafin hannu, ya ɗura a 'yar kwalba.

"Baba, me ake nema ne?" in ji Gajere.

"Launinsa nake so, ɗana. Jikata zan kai wa, ba ta taɓa ganin hamada ba."

Gajere ya yi murmushi. Wai jika! Zinariya dai. Dattijon na zagayawa bayan tudu, ya yi wuf ya cika buhu a daidai wurin, ya cusa ƙarƙashin kujera.

A gida matarsa ta tankaɗe shi kaf da rariya. Yashi ne zalla.

"Maigida, in zubar?"

"Ki zubar? Me kika gani a ciki da kike sauri haka?"

Buhun yana nan ƙarƙashin gadonsa. Yanzu ita ma ya sa mata ido.