Ranar da Chindo Ya Shafe Bangon Goggo

A Ƙonni har gobe ana tuna ranar da Chindo mai shafe ya wuni yana aiki a gidan da ba a kira shi ba. Idrissa na duwan, ma'aikacin kwastan, shi ne ya ɗauke shi ya gyara masa falo kafin mai fenti ya zo. Chindo ya faɗa ƙofar maƙwabta, sabon ginin Goggo Hafiza, ya kwaɓa farar hodarsa, ya hau bango. Goggo ta ɗauka ɗanta da ke ci-rani ya aiko shi, har fura ta dama masa.

Gari ya yi dariya, Chindo bai yi ba. Shekara biyu ke nan yana ɓoye yanar da ta fara rufe masa ido, ga shi ƙofa ta tona shi. Wa zai sake ba makaho bango?

Shekara talatin yana wannan sana'a. Shafi uku yake yi, kowane bai kai kaurin bawon albasa ba, kuma ba ya ɗora na biyu sai ya manna kumatu a bango ya ji sanyin ruwa ya fita. Daga nan ya bi da samfefa, tafin hagu na biye kamar mai lallashin doki.

Da la'asar Idrissa ya shigo gidan Goggo da fushinsa da tocilarsa, irin wadda yake leƙa ƙarƙashin manyan motoci da ita. Ya kwantar da haskenta a jikin bangon, don da haka ne ake kama tudu ko da bai wuce ƙwayar gero ba. Ya bi kusurwa huɗu. Ko inuwa ɗaya babu. Mutumin da ya saba gano abin da aka ɓoye a cikin taya ya tsaya yana shafa bangon kamar ya ga ruwa a tsaye.

"Baba Chindo, da wane ido ka yi wanga aiki?"

Chindo ya ɗaga tafinsa fari fat.

"Gobe ni ka zuwa ɗaukar ka bisa babur," in ji Idrissa.

Tun daga nan masu gida ke zuwa ɗaukarsa da kansu. Abokan wasa kuwa in sun gan shi sai su ce, "Chindo, yau gidan wa za a yi wa sadaka?"

Shi kuma ya ce, "Ku bar ƙofa buɗe, ku dama hura mai kauri. Wa ya sani?"