Igiyoyi Biyu na Baffa Ummaru

Duk wanda ya zauna da Baffa Ummaru a Talata Mafara ya san ba a gama gaisuwa da shi salin alin. Kana cikin "ina gajiya, ya iyali," hannunsa ya riga ya shige aljihu, ya zaro igiyoyi biyu da ya jera wa duwatsun ado kala-kala. Ɗaya misalin gadon ɗan Adam, ɗaya na alade. Daga nan sai dai ka nemi wurin zama.

Yayan mahaifina ne, likitan dabbobi. Da ƙuruciya aka tura shi Turai ƙaro karatu, ya faɗa hannun masu binciken ƙwayoyin gado, abin nan da ke sa ɗa ya ɗauko hancin ubansa. Aikinsu su jera na alade kusa da na mutum, su ga inda suka dace da inda suka saɓa. Ya dawo gida ya yi ta yi wa shanu allura har ya ajiye aiki, amma zancen bai sake shi ba. Ai ku mutanen gari kuka laƙaba masa Dakta Kwatance.

Matarsa, Inna Hajo, ta hana ambaton dabbar a gidanta.

"Gidan da aka salla ba a kiran wanga suna," in ji ta.

"To, mu ce mishi Maƙwabci."

"Maƙwabcin wa?"

"Namu duka, Hajo. A takarda."

Sunan ya zauna. Da na kai amaryata Rabi gaisuwa daga Bakura, ban tuna na yi mata bayani ba. Tana durƙushe Baffa ya shiga ba ta labarin yadda hantar Maƙwabci take, da ƙodarsa, da irin kitsen da ke taruwa a zuciyarsa. Muna fita ta jawo ni gefe, idonta ya kawo ruwa.

"Ba za mu shiga mu duba bawan Allahn nan ba? Ko kunu in dama mishi."

Ranar kasuwar Maradun kuwa ni na ɗauke shi a mashin. Muka tsaya wajen Ɗan Ige mahauci, abokin wasansa. Baffa ya ɗauki tsinken tsire biyu ya ɗaga sama, mutane suka fara taruwa.

"Ku duba. Wanga an hwara jera tsoka, sannan hanta, sannan kitse. Wancan kitse ne gaba. Yanka iri ɗaya, jeri daban. To haka Allah ya yi gadonmu da na alade."

Wani dattijo da ke tauna ya daina. Ɗan Ige ya ajiye wuƙa a hankali.

"Dakta, tsiren wa kaka kwatantawa da wa?"

"Misali ne."

"Kai misalinka runhwar mai kilishi. Ni ina da iyali."

Ranar nan sai da Ɗan Ige ya yi ta rantsuwa har la'asar cewa bijimi ya yanka. Baffa kuwa ya cinye tsinken biyu, ya ce ilimi ya raba kyauta.

Ana nan sai numfashi ya fara yi masa wuya. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Aka tura mu babban asibiti a Abuja. Likitan zuciya ya ce wata 'yar ƙofa a zuciyarsa ta tsufa, sai an canza ta, in ba haka ba ba zai daɗe ba. Ya ce akwai ta ƙarfe, akwai wadda ake yi da fatar zuciyar saniya, akwai kuma ta alade. Ya faɗi ta ƙarshen ƙasa-ƙasa, yana satar kallon Inna Hajo.

Na ce a raina yau za a yi ta. Sai Inna ta gyara mayafi.

"Likita, in ta Maƙwabcin ce ta hi kyau, sa mishi. Na tambayi malamai, larura ce. Ni dai mijina nika so."

Duk muka juya ga Baffa. Ga ranar da ya yi rabin rayuwarsa yana jira.

"Ta saniya," ya ce.

"Baffa, kai fa ka ce mu da shi kusan ɗaya ne."

"Na ce ku san shi. Ban ce ya kwana ɗakina ba."

Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ta saniyar ma ba ta da laifi. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Muna dawowa Mafara Ɗan Ige ya zo dubiya, ya kara kunne a ƙirjin Baffa ya daɗe yana sauraro.

"Lahiyayya ce. Dakta, yanzu kai ma hajata ne. Ka kiyaye ni ranar kasuwa."

Ƙofar zuciyar nan ta ƙara masa shekaru masu auki, har ya ga jikokin da bai zata ba. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe ina zaune gefen gadonsa na tambaye shi me ya sa ya nace wa zancen da ya sa gari ke yi masa dariya. Ya ce lokacin da yake can Turai ƙanwarsu Ladi ta rasu da ciwon ƙoda, yana tsakiyar masu ilimi, bai iya yi mata komai ba. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar.

"Wata rana daga jikin Maƙwabci za a samu ƙodar da za a sa ma irinta," ya ce. "Gara mutanenmu su saba da jin zancen tun yanzu."

Bai kai damina ba.

Allah ka ji ƙan Baffa Ummaru, ka yafe masa, ka sada shi da Ladi a inda babu ciwo. Ka ba Inna Hajo haƙuri. Amin.