Motar Kawu da Ta Fi Ƙofa Tsawo

Kawuna mai walda ne, ƙanen mahaifiyata. Duk ƙofar ƙarfe da tagar da ke layinmu shi ya ƙera su, kuma ba a taɓa maido masa da aiki an ce bai shiga ba. Tef ɗin awo ba ya barin ƙugunsa. In ka ce masa ɗakinka ƙafa sha biyu ne, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Sha ɗaya da rabi. Wa ya auna maka?" Shagona na ɗinki yana kallon gidansa, titi ne kawai a tsakaninmu. Shi ya sa rabin abin da zan faɗa a idona aka yi shi, rabin kuma a kunnena aka zuba.

Shekara tara da suka wuce ya sayi wata tsohuwar motar shiga daji, irin mai ja da taya huɗu, a hannun wasu masu haƙar rijiyar burtsatse da suka gaji da ita. Ya shigar da ita tsakar gida, ya kira matarsa, wadda muke ce wa Inna, ya daki bonet ya ce, "Ga ta nan. Ita za ta kai ki wajen Yaya."

Yaya ita ce babbar yayar Inna, ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana wani ƙauye bayan duwatsu. In kwalta ta ƙare sai an yi awa biyar a kan babur, sannan a ƙetare kogi. Inna kuwa tana da ciwon baya, likita ya hana ta babur. Kogin ma da rani kaɗai ake ƙetare shi, ruwa na sauka sai wata shekara.

"Yaushe za mu tafi?" in ji Inna.

"Da na ɗan gyara ta."

Shekarar farko ya ɗaga motar sama, ya canza mata sifirin, ya sa tayoyi masu haƙora kamar na tarakta. Ta biyu ya cire bamba ya ƙera wani ƙaton ƙarfe a gaba, ya ɗaura masa injin da ke naɗe waya. Ya ce in sun maƙale a taɓo, sai su ɗaura wayar a bishiya mota ta jawo kanta.

"In babu bishiya a wajen fa?" Inna ta tambaya.

Washegari Kawu ya fara ƙera wata ƙugiya da ake kafawa a ƙasa. Tambayar nan ta ci wata huɗu, kuma daga ranar Inna ta daina tambaya.

Bayan haka sai bututu, wanda ya taso daga inji ya bi gefen gilashi har rufi, wai don mota ta riƙa numfashi ko da ruwa ya shanye ta. Sai fitilu shida. Sai tankin ruwa, da shebur, da jarkokin mai, da ƙaramin firji mai aiki da sola. Daga ƙarshe ya ɗora kariya a rufi, wato ragar ƙarfen da ake ɗaura kaya, kuma bai yarda da noti ba, walda ya yi mata ta zama jiki ɗaya da motar. A kanta ya kafa tanti mai ninkewa da tsaninsa. Ni na ɗinka tantin da tamfol, sau uku yana sa ni warwarewa.

Kowace Asabar zai tayar da ita, ya matsa gaba taku uku, ya dawo baya taku uku, ya kashe. Kajin Inna suka mai da ƙarƙashinta ɗakin ƙwai. Inna kanta a firjin take sanyaya ruwa. Mutanen layi suka sa wa motar suna Sai Baɗi, har Kawu in aka ce, "Ya jikin Sai Baɗi?" sai ya amsa da "Da sauƙi."

A shekara ta bakwai, ƙarshen rani, Yaya ta sa wani maƙwabcinta ya kira waya. Idonta na hagu ya rufe, na dama yana bin sa. Ta ce a gaya wa ƙanwarta, in tana so a ga fuskarta, ta zo bana. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta je ta tsaya a kan Kawu yana cikin walda, ta jira ya ɗaga gilashin fuskarsa, ta ce, "Asabar." Hadari ya riga ya fara leƙowa da yamma, shi ma ya gani. Ya ce to.

Ran Litinin sai ga Inna a shagona.

"Ɗan nan, ara min tef ɗinka."

"Kawo yadin in auna miki, Inna."

"Ba yadi ba ne. Kuma ba ka gan ni ba."

Kawu ya tafi kasuwa sayen sandar walda. Ta tagar shago na hango ta a kan benci, tana auna ƙofar gidan daga ƙasa har sama, sannan ta ja bencin ta koma wajen mota. Saman ƙofar nan kankare ne, akwai ɗaki a kansa, ba abin da za a fasa ba ne. Da ta dawo da tef ɗin ta sa farce a wani wuri ta ce, "Daga nan zuwa nan nawa ne?"

"Inci huɗu."

"Inci huɗu," ta maimaita, tana gyaɗa kai kamar an gaya mata sunan ɓarawon da ta daɗe tana zargi. Ta fita.

Ran Laraba Kawu ya shigo da jakar tanti, wai zif ya lalace. Na duba, lafiyarsa ƙalau. Ya zauna a benci yana kallon ƙafar keken ɗinki. Na ci gaba da aikina, don na san shi, in ka tambaye shi ba zai faɗa ba.

Can ya ce, "Ba ta fita."

"Wa, Kawu?"

"Motar. Ta fi ƙofa da inci huɗu."

"Yaushe ka gane?"

Ya harare ni. "Ni zan yi walda ban auna ba? Tun kafin in kunna wuta na sani."

Daga nan ya ba ni labarin da ko mahaifiyata ban taɓa ji a bakinta ba. Yana ɗan shekara sha tara ya hau wata babbar mota, direba ya shiga kogi da ita, injin ya mutu a tsakiya. Wuni guda suka yi a kan buhuna ruwa yana hawa, har aka zo da igiya. Tun ranar, ko gada ba ya son hawa. Ya ce duk abin da ya ɗaura wa motar nan da gaskiya ya ɗaura, yana sa ran in kayan sun cika tsoron zai tafi. Kayan suka cika, tsoron yana nan. Shi ne ya ɗora kariya.

"Ran Asabar za ta daki ƙofa, in yi mamaki. Yanke kariya a sake gyara rufi mako biyu ne. Kafin nan ruwa ya sauka."

"Ka gaya wa Inna mana."

"Mace ta aure ka tana ganin kana wasa da wuta, ka zo ka ce mata ruwa kake tsoro?"

"Idon Yaya fa, Kawu?"

Ya daɗe yana jan tef yana saki. "Shi ne ya hana ni cin abinci," ya ce. Ya miƙe, ya ɗauki jakarsa. "Ba ka ji komai ba."

Haka na yi kwana uku da sirri biyu a ciki, ban gan ta ba, ban ji shi ba. Har hannun riga na ɗinka a baibai.

Asabar da hantsi rabin layi ya taru, don ba wanda zai yarda a ba shi labarin fitar Sai Baɗi. Aka kori kaji, aka loda kaya, aka wangale ƙofa. Kawu ya shiga, ya sa giya, ya taho a hankali. Ƙarfen gaba ya fito, bonet ya fito, sai ji muka yi ƙwas, kariya ta daki kankare. Ya ja baya ya sauko yana riƙe da kai.

"Kai! Kai! Me zan gani?"

Kawu gwanin ƙarfe ne, amma Allah bai ba shi baiwar wasan kwaikwayo ba. Ya hau benci ya ja tef. "Inci huɗu! Wallahi abin da ban ciwo."

"Ƙwarai kuwa," in ji Inna. "Mai faci, bismilla."

Sai a lokacin na lura mai facin bakin titi yana tsaye a waje, da injin iskarsa a kan baro, tun safe. Ya shigo yana murmushi, ya tsuguna ya sace iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Motar ta yi ajiyar zuciya ta durƙusa.

"Za ku kashe min tayoyi!"

"Taku goma ne, Injiniya," in ji mai faci. "In sun mutu ni zan yi musu wanka."

Kawu ya sake aunawa, fuskarsa ta ɗan saki. "Saura inci ɗaya da rabi. Kun yi ƙoƙari, amma ba ta yiwuwa."

Inna ta tafa hannu sau biyu. Labulen ɗakinta ya ɗaga, mata bakwai suka fito a jere suna goge baki, ashe tun safe suna ciki ana ba su shayi da burodi. Ba a zaɓo su don kyawun murya ba. A gaba akwai Maman 'Yan Biyu, wadda ta taɓa karya min benci ta ce katakon ne ba shi da tarbiyya.

"Hajiya, ke kaɗai ma inci guda ce," mai faci ya ce mata.

"Allah ya shirye ka. Kai da za a ɗora ka, sama motar za ta ƙara yi."

Suka shiga, huɗu a kujerar baya, uku a kan kaya, ana ta "matsa min" da "ƙafata, baiwar Allah". Sifirin ya yi kuka. Inna ta hau gaba ta ja ƙofa. Kawu ya hau benci a karo na uku. Daga inda nake ina ganin abin da yake gani, kuma na san zai iya cewa saura inci guda, ba mai musa masa. Ya dubi tef, ya dubi jama'a, ya sake duban tef. Shekara talatin bai taɓa yi wa tef ɗin nan ƙarya ba.

"Saura kwatan inci," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To ai kai ma kana da nauyi," in ji Inna. "Shigo ka gani."

Bai motsa ba. Ta yafito shi, ya zo jikin taga. Ni ne kusa da su, kuma ta rage murya yadda matan baya ba za su ji ba.

"In mun isa bakin kogin, zan sauka in shiga gaba da ƙafa. A ruwan nan na koyi wanki. Inda ya kai min, nan zai kai maka. Kai dai ka bi bayana."

Kawu ya juyo ya watsa min wani kallo.

"Bar yaron nan, ko tari bai yi ba," in ji ta. "Mutumin da duk gadar da muka hau sai igiyar takalminsa ta kwance, ya sunkuya ɗauri don kar ya ga ruwa? Tun muna amare na sani. Na yi shiru ne ina jiran ka gama wasanka. Yanzu Yaya ba ta da lokacin jira."

Kawu ya ciro tef daga ƙugunsa ya miƙo min. "Hau benci ka duba min sama. In ta goga ka yi ihu."

Ya shiga, motar ta ƙara nutsewa. Ta taho kamar mai ciwon ƙafa, ni ina sama ido a kan kariya. Tsakaninta da kankare, takarda ce kawai za ta wuce. Ban yi ihu ba. Layi ne ya yi, har da masu dukan bokiti. Mai faci ya mayar da iska, mata suka sauko suna gyara ɗauri, Maman 'Yan Biyu tana cewa a rubuta ita ta fitar da Sai Baɗi. Motar ta sha kwana, fitilu shida a kunne da rana tsaka.

Kwana tara suka yi. Da suka dawo Kawu ya zauna a bencina, jama'a kewaye da shi, ya ce ruwa har gilashi, ba don bututun nan ba da yanzu ana zaman makoki. Inna na wucewa da jaka ta ce, "Awaki ne suka riga mu ƙetarewa, ko cikinsu bai jiƙe ba." Wayar jan mota kuwa ta yi amfani sosai, a kanta aka yi shanya.

Na bi Inna har ƙofa na tambaye ta Yaya. Ta ce ta same ta a zaune a bakin ɗaki. Yaya ta kamo fuskarta ta juya ta wajen haske, ta kalle ta da idon da ya rage har ta gaji, sannan ta ce, "Ke ma kin tsufa." Inna ta faɗa min haka tana dariya, tana goge ido da bakin mayafi.

Da yamma Kawu ya so shigar da motar gida. Tayoyi cike da iska, ba kowa a ciki, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ya ce a kira mai faci da matan nan.

"Suna da aiki," in ji Inna.

"Gobe fa?"

"Gobe ma."

A titi take kwana har yau, gabanta yana kallon hanya, ni na ɗinka mata rigar tamfol. Rani biyu ke nan suna zuwa, kuma har yanzu Inna ce ke shiga ruwan a gaba. Kwanaki na ji Kawu yana cewa yana tunanin ƙara mata wani ɗan akwati a sama. Inna ta ce ya ƙara goma in ya so, titi ba shi da rufi.