Inda Makanar Kawu Bala Ke Mutuwa

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Rahad a markab ɗin Kawu Bala, jirgin fiton nan, ya san ba ya tayar da makana sai ya ɗanɗani fetur. Wallahi da harshe! Ya tsoma yatsa a tanki, ya lasa, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya ce, "An sa ruwa," ko ya ce, "Kwayyis, ku hau." Ku mutanen Hawata kun gani da idonku, ba sai na rantse ba. Ni kuwa Habu, ɗan ƙanwarsa, na koyi gyaran tarakta a kasuwar Gadarif, na dawo ina jin kaina usta, gwanin makanike, don haka na fi kowa shan haushinsa.

Giyar jirgin a juye take. Ka tura gaba ya yi baya, ka ja baya ya yi gaba. Na duba na ga waya ce aka ɗaura ba daidai ba, aikin minti goma.

"Kawu, bari in juya maka ita."

"Taɓa ka gani, ya usta. Ita ce maigadina."

Ashe da gaskiyarsa. Wata Juma'a ana masallaci wani ɓarawo ya kwance jirgin, ya danna giya gaba da ƙarfinsa. Markab ya zabura da baya, ya daki gaɓa, ya watsa shi cikin taɓo a gaban mata masu wanki. Kawu ya iso da carbinsa, ya leƙa shi, ya ce, "Sannu da hanya. Ya ka baro mutanen can?"

Wannan abin dariya ne. Ɗayar matsalar kuwa ba ta ba ni dariya. A tsakiyar kogi, daidai wata busasshiyar goruba da ta leƙo daga ruwa, makanar takan yi tari sau biyu ta mutu. Kullum, zuwa da dawowa. Ƙasa da wurin kaɗan akwai ruwa mai juyawa, inda itatuwan da ambaliya ta kwaso ke taruwa, jirgin da ya gangara can ba ya fitowa. Ga shi lokacin yankan riɗi jirgin cike yake da 'yan ƙwadago da laujensu, rabinsu ba su iya iyo ba. Makana na mutuwa sai Kawu ya cire hula, ya dubi ruwa, ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gida." Tsit. Ko tsuntsu ba ka ji. Sai ya ja igiya sau ɗaya tak, ta tashi.

Tsohuwar maƙabarta ce a ƙasa, tun kafin kogi ya canza hanya ya haɗiye ta. Uwarsa, kakata, tana can.

Ni dai na ce aikin ƙarfe ne. Na kwance kabireta na wanke tas. Na canza matatar mai. Na sayo sabon fulogi, ya karɓa ya yi godiya, ya adana shi a aljihu, ya dafa tsohon a jabana, tukunyar gahawarsa, ya mayar. Na zazzage tanki, na busa tiyo har kumatuna suka yi ciwo. Muka isa goruba: tari biyu, ta mutu.

Rannan na ƙura wa ƙafarsa ido. Muna dab da wurin sai na ga babban yatsansa ya lallaɓa ya danne tiyon fetur.

"Kawu! Ashe kai ne!"

Ko kunya bai ji ba. "Yau ni ne. Na ga tana neman ta manta."

"Sauran ranakun fa?"

"Sauran ranakun ba ta buƙatar tuni."

Raina ya ɓaci, na ce masa wata rana zai hallaka bayin Allah saboda taurin kai. Ya dube ni kamar mai tausayina, ya ce, "Ya usta, ka taɓa wuce ƙofar uwarka ba sallama?"

A gonar riɗi Kawu ya faɗi ya cika, can hayin kogi, bayan azahar. Rahad kuwa ya cika har baki, ja wur, yana tafe da kututturai. Dole a dawo da shi Hawata a sallace shi kafin rana ta faɗi, kuma ba mai tuƙi sai ni. Muka sa shi a kan angarib, gadon nan na igiya, mu goma sha biyu har da Innata. Na ɗauke tiyon fetur na ɗora a cinyata, ba ƙafar da ke kusa da shi. Na ce a raina yau za mu wuce.

Tari biyu.

Na ja igiya har tafin hannuna ya saluɓe. Na kama giya, ta ƙi gaba, ta ƙi baya, kamar wani ya riƙe ta daga ƙasa. Wani ya fara salati da ƙarfi, don kowa ya san inda ruwan zai kai mu. Sai na lura da abin da har yau ke tayar mini da tsigar jiki. Kututturai suna wuce mu a guje, hagu da dama, amma jirgin bai gusa ba. Goruba tana nan daidai kafaɗata.

Inna ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Habu, cire hularka."

Na cire. Na yi sallamar da na shekara ina yi wa dariya.

Jirgin ya ɗan girgiza, ya ɗago sama kamar yatsu huɗu, irin yadda yake yi idan babban mutum ya sauka. Muka dubi juna. Muna nan mu goma sha biyu, gawa na nan a lulluɓe. Na ja igiya sau ɗaya.

Da muka ɗauki angarib ɗin a gaɓa muka ji shi sakayau, na gabana ya buɗe baki zai yi magana a kan rashin nauyinsa, wani dattijo ya daka masa harara. Ba wanda ya sake tayar da zancen.

Na yi masa tsawa sau da yawa, ban samu na ce ya yafe mini ba, abin yana cina. Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, wanda muka haƙa masa da wanda ya zaɓa wa kansa. Allah Ya sa yana gefen uwarsa. Amin.